Auta Mai Faci Da Kafaɗar Alhaji Bunu

Duk wanda ya taɓa shan shayi a ƙofar garejin manyan motoci da ke kan hanyar Kano a nan Potiskum ya san teburina. Ni ne Bobbo mai shayi. Na kusa da ni kuwa Auta ne mai faci. Shekara goma sha tara muna maƙwabtaka, ni ina zuba madara, shi yana ba taya iska, sai dai iskar da ke fita daga bakinsa ta fi ta injin yawa.

Ɗan ƙaramin mutum ne, siriri, in ya shiga cikin tayar tirela yana laluben ƙusa sai ka neme shi ka rasa. Amma baki! Allah ya hore masa baki. Ba abin da bai iya ba. Ka ce masa an harba kumbo sama, zai ce da an tambaye shi da bai ci wannan man ba.

Bara da damina kafaɗarsa ta dama ta kama ciwo, saboda ɗaga guduma yana dukan bakin taya. Matarsa Ramlat ta tasa shi gaba sai asibiti. Can ya haɗu da Madam Mnena, wata 'yar Binuwai da ke aiki a sashen gashin ƙashi, ta daɗe a garin nan har Hausarta ta fi ta wasu 'yan gari. Ta ce jijiyar kafaɗa ce ta wahala. Ta ce ya ajiye guduma na ɗan lokaci, ya riƙa ɗora ƙanƙara, in zafin ya lafa su fara motsa hannun a hankali da wata roba da ake ja. Ta ce ya zo sau goma sha biyu. Auta ya je sau uku.

"Zuwa uku ya ishi mai ƙwaƙwalwa," in ji shi. "Bobbo, na gane sirrin mutanen nan. Roba ce, da ƙanƙara, da gashi, da wata igiya a kan gargare. Wanne ne ba ni da shi a nan?"

"Karatun," na ce.

"Karatun me? Kafaɗa da taya uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ko dai ta yi faci, ko ta goce daga kan rim, ko tsatsa ta kama ta. Ka taɓa ganin tayar da ta gagare ni?"

Washegari na tarar ya samo kwali ya rubuta da baƙin mai: DAKTA AUTA, ANA FACIN TAYA, ANA GYARAN KAFAƊA. Na ce Allah ya sawwaƙe, na hura wutata.

Wanda ya fara faɗawa hannunsa Hussaini ne ɗan dako, ƙato guda, wanda ya ɗaga buhun wake zuwa saman mota ya ji wani abu ya tsinke masa a kafaɗa. Irin wannan ciwo hutu yake so, kowa ya sani, amma Auta ya ce hutu na ragwaye ne. Ya yanko tub ɗin tayar tirela mai faɗin tafin hannu, ya ɗaure gefe ɗaya a ƙarfen ƙofar gareji, ɗaya gefen a damtsen Hussaini.

"Ja!"

"Da zafi fa, Auta."

"Dakta. Zafin nan shi ne ciwon yake fita. Yi gaba! Ƙara taku ɗaya!"

Hussaini ya yi taku shida yana nishi. A na bakwai silifas ɗinsa ya zame a kan baƙin mai. Robar ta fizgo shi, ya dawo da baya a guje, ya wuce Auta, ya zo ya zauna daram a kan teburina. Ƙwai goma sha huɗu suka mutu nan take, burodi ya koma tabarma.

"Alhamdulillahi," in ji Auta. "Kun ji wannan ƙarar? Ta koma kan rim ke nan."

"Ƙwaina ne suka yi ƙarar!" na ce.

"Saura ƙanƙara."

Kafin kowa ya yi magana ya buɗe kular Iya Yakaka mai kunun aya, wadda ta je alwala, ya kwaso ƙanƙarar da ke ciki gaba ɗaya ya cusa wa Hussaini a riga. Iya Yakaka ta dawo ta tarar kununta ya fara ɗumi, ga Hussaini yana rawar ɗari a tsakiyar rana. Ta fara da Hausa, da Hausar ta ƙare mata ta koma Barbarci, kuma wallahi ko wanda ba ya ji ya gane.

"Iya, aikin ceton rai ne."

"Ran uban wa? Ka ceci ransa ka kashe kununa?"

Kwana biyu bayan nan Hussaini ya tafi asibiti da ƙafarsa, aka ba shi magani aka ce ya huta. Auta ya bi gari yana cewa shi ya gama aikin, su can sa hannu kawai suka yi.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na ba da tawa. Kun san aikinmu: ka ɗaga kofi sama ka tsiyayo shayi cikin wani kofin, sau ɗari nawa a wuni. Kafaɗata ta fara yi mini suka duk lokacin da hannun ya wuce kunne. Na yi kuskuren yin tsaki a gabansa.

"Gashi take so," in ji shi. "Zauna."

Ya ɗauko ƙarfen da yake gasa faci da shi, tsohon fistin ɗin nan da ake zuba wa kananzir a kunna. Ya naɗe shi a tsumma ya ɗora mini.

"Ya ka ji?"

"Da ɗumi. Kai, da daɗi ma."

"Ba na faɗa maka ba? A asibiti sai ka bi layi."

Ina lumshe ido sai na ji wani direba yana tambaya wa ke ƙona tsumma. Rigata ce, sabuwa, ta Sallah. Na zabura, Iya Yakaka ta watso mini ruwan wanke kofuna tana cewa maganina ke nan. Har yau akwai tabo a bayana mai zagaye kamar bakin kofi. Ciwon kafaɗar kuwa na manta da shi har mako guda, don na samu wanda ya fi shi, Auta kuma ya sa ni a jerin waɗanda ya warkar.

To, da a nan abin ya tsaya da da sauƙi. Sai ga maganar Alhaji Bunu.

Alhaji Bunu shi ne shugaban garejin. Mutum ne mai jiki, mai ƙasaita, mai son a gan shi tsaf. Duk wanda ka gani yana sana'a a ƙofar nan, ni da Auta da Iya Yakaka, da izininsa muke zaune. Wata biyar ke nan kafaɗarsa ta dama ta ƙage. Ba faɗuwa ya yi ba, ba komai ba, haka kawai ta fara ciwo, daga baya ta ƙi ɗaguwa. Hula sai da hagu yake sawa. In bayansa ya yi ƙaiƙayi sai ya jingina da ƙofar ofis yana gogawa yana yi kamar tunani yake. Ga shi hakimi ya sa ranar Asabar zai naɗa shi Sarkin Direbobi, kuma a al'adar wurin, da an gama naɗa rawani sai ka dunƙule hannun dama ka ɗaga shi sama ka yi wa hakimi jinjina a gaban jama'a.

Ranar Litinin ya zauna a bencina yana shan shayi ba suga, don yana da ciwon suga, ransa a ɓace.

"Na je wurin matar nan," ya ce. "Wai irin wannan ƙagewar ta fi kama masu suga da waɗanda suka ba arba'in baya. Wai sai a hankali. In tsaya gaban bango in riƙa tafiya da yatsu sama kamar gizo-gizo. Ni Bunu! Na ce zuwa Asabar fa? Ta ce zuwa baɗi dai, in Allah ya so."

Auta ya ajiye abin da yake yi ya matso yana goge hannu a wando.

"Ranka ya daɗe, baɗi? Wannan ai tsatsa ce. Nawa na kwance irinta a ƙafar tirela? Kwana huɗu ya yi yawa."

Na taka masa ƙafa. Ya ɗauke ƙafar ya ci gaba.

"Ka ba ni zuwa Juma'a. Ranar Asabar in ka ɗaga hannun nan sai an roƙe ka ka sauke."

Alhaji ya dube shi daga sama har ƙasa, wanda ba tafiya ce mai nisa ba.

"Auta, ka san ni ba na son wasa. In hannun nan ya ɗagu, ɗakin da ke jikin ofis naka ne, ka buɗe asibitinka. In bai ɗagu ba, ka kwashe injinka da tayoyinka ka bar mini ƙofa. Bobbo, kai ne shaida."

"Ni dai shayi nake sayarwa, Alhaji."

"Kai ne shaida."

Na san abin da wurin nan yake a gun Auta. Duk tirelar da za ta shiga ko ta fita sai ta bi ta gabansa. Da shi ya yi aure, da shi yake ciyar da gida. In ya bar ƙofar nan sai dai ya koma ƙofar gidansa a Yindiski, inda in ka ga taya ta keke ce. Da Ramlat ta kawo masa abincin rana na tsegunta mata. Ta dire kwanon.

"Malam, wurin cin abincinmu ka sa a caca?"

"Ba caca ba ce, ilimi ne."

"Ilimin zuwa uku? Taka kafaɗar ma ni nake gasa maka ita da ruwan ɗumi kullum."

"Ke dai ki fara tunanin labulen da za a sa a asibiti."

"Zan dai fara tunanin inda za mu ajiye tayoyi a tsakar gida," ta ce, ta yi tafiyarta.

Ranar Talata aka fara da maganin tsatsa. Auta ya sa Alhaji ya tuɓe riga a bayan ofis, ya shafe masa kafaɗa da giris, ya ɗiga man birki a kai, ya ce a bar shi ya jiƙa. Alhaji ya wuni yana warin gareji, ƙudaje da kansu suka ƙi shi. Da yamma hannu bai motsa ba.

"Yau jiƙo ne," in ji Auta. "Gobe kwancewa."

Ranar Laraba ya rataye gargaren keke a reshen darbejiya, ya zarga igiya a kai. Ya ce haka ya gani a asibiti. Gaskiya ne akwai irinta a can, amma mai ciwon ne ke jan igiyar da ɗaya hannunsa, a hankali, in ya ji zafi ya tsaya. Auta ya ce wannan ɓata lokaci ne. Ya ɗaure gefe ɗaya a wuyan hannun Alhaji, ɗaya gefen ya ɗaura masa jarkar ruwa mai lita ashirin da biyar, ya ɗora ta a kan benci.

"Alhaji, ka ce bismillah."

"Me za ka yi?"

Auta ya ture jarkar.

Ban taɓa sanin Alhaji Bunu yana da irin wannan muryar ba. Hannun bai ɗagu ba, Alhajin ne ya ɗagu. Ya miƙe a kan 'yan yatsun ƙafa ya bi igiya a karkace yana kiran sunan mahaifiyarsa, wadda ta rasu tun zamanin soja. Reshen ya ga abin ya fi ƙarfinsa ya karye, gargaren ya sauko wa Auta a ka, jarka ta fashe, direbobi uku da ke cin abinci a ƙasa suka tashi a jiƙe.

"Ta motsa!" Auta ya ce yana dafe da goshi. "Wallahi na ga ta motsa!"

"Ni ma na ga ta motsa," in ji Iya Yakaka. "Har da mai ita."

Na ɗauka Alhaji zai haƙura. Ina! Wanda Asabar ta tsaya wa a wuya ba ya jin kira. Ranar Alhamis ya dawo, fuska a murtuke. Auta ya zaunar da shi a ƙasa, ya kafa jak ɗin mota a kan bulo, ya sa kan jak ɗin a ƙarƙashin gwiwar hannunsa, ya fara bugawa.

Ana cikin haka sai ga wata ƙaramar mota ta tsaya, tayarta ta baya a kwance. Madam Mnena ce ta fito. Ta dubi kwalin, ta dubi jak, ta dubi Alhaji da gumi ke karyo masa.

"Yesu! Malam Auta, me nake gani? Sauke wannan abin!"

"Madam, sannu da zuwa. Abokan aiki ne ai, zo ki gani ki ƙaru."

"Abokin aikin wa? Kai da ka gudu da robata ba ka dawo ba? Sauke!"

Ya sauke. Ta durƙusa ta taɓa kafaɗar, Alhaji ya yi ƙara.

"Alhaji, ka ga ta kumbura. Wannan ba ƙarfe ba ne. Rigar da ta lulluɓe gaɓar ce ta ƙanƙance ta yi tauri, da lallashi take sakewa. Ka ja ta da ƙarfi, ka yaga jijiya ko ka karya ƙashi. Ka zo gobe a yi hoto, a ba ka maganin zafi, in ya kama a yi allura a gaɓar sai likita ya yi. Sauran kuma bango ne da haƙuri."

"Asabar fa?" in ji Alhaji.

"Ka gaya wa hakimi kafaɗarka na ciwo. Laifi ne?"

"In ce Sarkin Direbobi ba ya iya ɗaga hannu? Gobe a ce ba ya iya murza sitiyari?"

"Madam," Auta ya sa baki, "ku naku na turawa ne, sai a hankali. Mu namu na gaggawa ne."

"Na gani. Yi mini facin tayata, shi ma in ka iya."

Ya yi mata faci. Ba ta kai kasuwar hatsi ba tayar ta sake kwantawa, don hankalinsa ba ya wurin.

Ranar Juma'a hannun Alhaji ko baki ba ya kaiwa, da hagu ya sha shayi. Bayan an sauko daga masallaci ya kira Auta gaban teburina.

"Fara kwashe kayanka."

"Ranka ya daɗe, ai Asabar ba ta yi ba." Auta ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Babbar rigar da za ka sa, yadi nawa ce?"

"Goma sha biyar. Ina ruwanka?"

"Da alkyabba a kai?"

"Da alkyabba."

"To, an gama. Ni zan tsaya a bayanka a matsayin mai riƙe maka riga. In an zo naɗi, direbobi sun yi cincirindo, sai in shige ta ƙasa. Kai ka kwantar da hannunka a kan ciki ta cikin riga. In lokacin jinjina ya yi ka yi tari ɗaya, ni kuma in turo nawa hannun ta gefen dama in ɗaga. Wa zai gane?"

Na saki ludayi. Na jira in ji Alhaji ya ce a kama shi. Sai na ji ya ce:

"Hannunka ai siriri ne."

"Ka ba ni agogonka. Mutane agogo suke kallo."

"Alhaji," na ce, "don girman Allah…"

"Kai shaida ne, Bobbo, ba mai ba da shawara ba. Kuma in na ji maganar nan a waje, teburinka zai bi tayoyinsa."

Na sunkuya na ɗauki ludayina.

Asabar da hantsi ƙofar gidan hakimi ta cika. Direbobi, 'yan dako, 'yan kasuwar shanu, mata a gefe guda ana ta turaren wuta, har da mai ɗaukar hoton bidiyo. Alhaji Bunu ya fito cikin farar shadda da alkyabba, ya cika wurin shi kaɗai. Auta yana bayansa yana riƙe da gefen riga. Alhaji ya durƙusa gaban hakimi, jama'a suka matso, na ƙifta ido na buɗe, babu Auta. Sai dai bayan Alhaji ya ɗan ƙara tudu.

Liman ya fara addu'a, kowa ya yi shiru. Iska ta kwaso hayaƙin turaren matan nan ta kai wa Alhaji a hanci. Ya daure, ya daure, ya kasa. Ya yi tari.

Fit! Hannu ya fito daga gefen riga ya miƙe sama a dunƙule.

Liman ya buɗe ido ɗaya. Alhaji ya kai wa bayansa duka da gwiwar hannun hagu, hannun ya koma. Wani tsoho kusa da ni ya ce, "Kai, Alhaji ya ƙosa."

Aka fara naɗa rawani. Mai naɗin ya ja ƙyallen ta ƙarƙashin haɓa, ya ɗan shaƙe shi. Alhaji ya sake tari. Hannu ya sake fitowa, ya doki mai naɗin a haɓa, hularsa ta faɗi.

"Subhanallahi! Alhaji, lafiya?"

"Murna ce," in ji Alhaji da ƙaramar murya, ya sake kai wa bayansa duka, hannun ya koma.

A nan mutane suka fara kallon hannun da kyau. Hannun hagu na Alhaji fari ne, mai kauri, da zobba. Wannan kuwa baƙi ƙirin, siriri, farata cike da baƙin mai, agogo ya zame ya gangara har gwiwar hannu. Na ji Iya Yakaka daga cikin mata tana cewa, "Wayyo, ciwon ya shanye masa hannu." Wata ta ce a'a, sammu ne.

Aka gama naɗi, maroƙi ya ɗaga murya, lokacin jinjina ya yi. Alhaji ya yi tari. Shiru. Auta ya sha duka sau biyu, ya yanke shawarar ba zai ƙara fitowa ba sai ya tabbatar. Alhaji ya sake tari. Shiru. Ya yi ta tari har hakimi ya ce a kawo masa ruwa. Sai da ya kai ƙafa baya ya taka wani abu, sannan hannun ya fito a fusace ya miƙe sama. Jama'a suka ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Wallahi har na fara cewa a raina shegen ya ci.

Sai hakimi ya miƙo takardar naɗi.

Mutumin kirki ba ya karɓar abu daga hannun babba da hannu ɗaya, balle na hagu. Tun yana yaro aka koya wa Alhaji Bunu haka, kuma jiki ba ya mantuwa. Bai yi tunani ba ya zaro hannunsa na dama daga cikin riga, ya haɗa da na hagu, ya miƙa su ƙasa-ƙasa ya karɓi takarda. Na ukun yana nan a sama a dunƙule.

Guɗa ta tsaya a tsakiya. Maroƙi ya ce, "Sarkin Direbobi, mai hannu… mai hannu…" ya kasa ƙarasawa. Hakimi ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ya ƙirga da yatsa.

"Bunu, wancan na wa ne?"

Alhaji ya ɗaga kai ya ga hannu. Ya firgita kamar bai san da shi ba, ya yi baya, ya zauna da dukkan nauyinsa, hannun kuma yana sarƙe a cikin alkyabba. Muka ji ƙwas. Sai rigar Alhaji ta kurma ihu.

"Wayyo Allah kafaɗata! Alhaji ɗaga ni! Ramlat! Ku kai ni wurin Madam!"

Mutane suka watse. Mai bidiyo ne kaɗai bai gudu ba, Allah ya isa tsakaninmu da shi, don kafin la'asar har Gadaka an gani. Hussaini ɗan dako ya ɗaga gefen riga ya jawo Auta ta ƙafa. Kafaɗarsa ta dama ta goce, hannun yana lilo, ga agogon Alhaji a damtse.

"A kawo jak?" in ji Hussaini.

"Kar wanda ya taɓa ni! Asibiti! Sai an yi hoto!"

Hakimi ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Da ya samu numfashi ya ce, "Bunu, ni da kake gani wata takwas na yi ina bin bango da yatsu kafin tawa ta sake. Da ka faɗa mini ai da na ce ka ɗaga iya inda ta kai." Alhaji ya sunkuyar da kai cikin sabon rawani.

A asibiti aka yi wa Auta hoto, aka yi masa allura, likita ya mayar da kafaɗar, aka rataye masa hannu a wuya na mako uku. Kafin magariba an ɗora injinsa da tayoyinsa a Keke Napep an kai Yindiski. Na tsaya ina kallon wurin, ba komai sai baƙin mai a ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan yi ƙarya ba. Wawa ne, amma nawa ne.

Bayan sati biyu na raka shi ba da haƙuri. Muka samu Alhaji a sashen gashin ƙashi, yana fuskantar bango, yatsunsa suna tafiya sama a hankali. Auta ya durƙusa da hannu a rataye.

"Ranka ya daɗe, yara sun fara cin tuwo ba miya. Tun da na koma Yindiski keke biyu na yi wa faci, ɗaya ma na liman ne."

Alhaji bai waigo ba. Ya ce, "Madam, ba ni alli." Ya miƙa hannun hagu iya tsawonsa ya ja layi a bango.

"Ka ga wannan? Ranar da hannuna na dama ya taɓa shi, ka dawo ƙofar gareji."

Auta ya dubi layin, ya dubi inda yatsun Alhaji suka tsaya, daidai ƙirji.

"Madam, kamar kwana nawa?"

"In yana zuwa kullum, yana yi a gida safe da yamma, wata shida. Ko shekara."

"Shekara! Ba wata hanya ta gagg…"

Duk muka juyo muka dube shi. Ya haɗiye sauran.

Yau wata huɗu ke nan. Kullum da sassafe Auta yana ƙofar gidan Alhaji, shi ke tashinsa, shi ke dafa ruwan ɗumi, shi ke hana shi shan suga. A asibiti yana tsaye a gefen bango yana lallashi: "A hankali, ranka ya daɗe, kar ka ja da ƙarfi. Ɗan yatsa ɗaya kawai za ka ƙara." Hannun ya wuce kunne yanzu, saura kamar taƙi ɗaya.

Shekaranjiya Alhaji ya tsaya a kan 'yar tabarmar da ya saba tsayawa a kai, ya miƙa hannu, sai ga yatsa a kan layi. Auta ya yi kabbara, ya ce a kira Keke Napep a ɗauko inji. Madam Mnena ta dubi Alhaji, ta ga ya fi ta tsawo fiye da jiya. Ta sunkuya ta ɗaga tabarmar. Bulo biyu ne a ƙasa.

Alhaji ya sauko, ya karɓi alli, ya ƙara layin sama da yatsa huɗu.